Jajayen Zukata Uku a Ƙarƙashin Hoton Riga

Laifin da zan ba da labarinsa hassada ce, irin wadda ke wanka ta shafa turare, ta gaishe ka da hannu biyu alhali wuƙa na ɗaure a ƙugunta. Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To yanzu fuska ta koma cikin waya, kowa na dangwala wa ɗan'uwansa jar zuciya da babban yatsa, tasa ta ƙirji ko motsi ba ta yi ba. Ga yadda wata ta yi ta dangwalawa har ta dangwalo wa kanta.

Akwai wani layin shaguna na masu ɗinki, rufi ɗaya, tsakar gida ɗaya a baya, da famfo, da ɗakin maigadi a bakin get inda yake zaune da iyalinsa. Washegarin ranar hutu, ƙaramar cikin masu ɗinkin, wadda suke kira Auta, ta buɗe shagonta ta kurma ihu. Rigar amaryar da ta yi makonni tana jera wa duwatsu tana shimfiɗe a ƙasa, an yi mata gunduwa-gunduwa da almakashi. Ba a ɗauki keken ɗinki ba, ba a ɗauki yadi ba, ko zare ɗaya ba a taɓa ba.

Kafin mai ginin ya iso, layi ya riga ya yanke hukunci. Maigadi ne kaɗai ke nan ranar hutu. An ji Auta ta yi masa faɗa kwanan baya kan barci a bencinta. Wani kuma ya tsinci ƙyallen leshin rigar a bakin ƙofarsa. Mai gini ya ɗaga ƙyallen sama kowa ya gani.

Ya ce, "In rana ta faɗi ba a nuna mini wani ba, 'yan sanda su tafi da shi, matarsa ta kwashe mini tarkacenta daga ɗakin nan."

Maigadi ya durƙusa yana rantsuwa, ba mai saurare. Matarsa ce ta yafa mayafi ta je ta ɗauko Baba Mai Sawu.

Shi wannan tsoho, da ƙuruciyarsa shanu da jakunan sata yake bi a daji, har ya zo gari ya zauna wurin ɗansa da gwiwoyi suka ƙi. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya tausayin kowa kafin ƙasa ta gaya masa abin da ta gani. Da ya iso ya tarar da mutane cike da shagon, ya ɗaga sandarsa.

"Ku fita. Kun taka mini shaida kamar awaki a gonar wake."

Gaban shagon ya riga ya lalace da sawu. Sai ya zagaya ta baya, ya ɗaga ƙofar sama kaɗan, sakata ta faɗi da kanta. Ya waiwaya ya dubi mai gini.

Mai gini ya sosa ƙeya. "Lalurar ƙofar ke nan. Duk layin nan an sani. Ina nufin gyarawa."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga," in ji Baba.

Ya kwanta a bakin ƙofar, kumatu a ƙasa, yana duban ledar ɗakin ta inda hasken safe ke kwanciya a kanta. Auta kan goge ledar kafin ta rufe shago, don haka abin da ke kai sabo ne. Ya daɗe a haka har masu leƙe suka fara gundura. Ga abin da ya gani: mutum ɗaya, ba takalmi, ƙafa ƙarama. Ƙaramin yatsan ƙafar dama bai taɓa ƙasa ba, alamar ya hau kan ɗan'uwansa. Sawun bai je wurin rataye kaya ba, bai je bayan labule ba, bai yi tsaye-tsayen mai nema ba. Daga ƙofa ya miƙe kai tsaye zuwa ƙarƙashin teburin yanka, inda wani tsohon kwalin keke yake a buɗe.

Ya tashi ya ɗauki gutsuren rigar yana juyawa. An yanka ta a karkace, a ƙirji da ƙugu da hannuwa, wuraren da faci ba ya ɓuya. Ya nemi almakashin. Yana rataye a ƙusarsa, a rufe, baki na duban ƙasa.

Baba ya yi gyaran murya ya fito waje.

Auta na zaune a kan benci a waje, idanu sun kumbura. Wadda ke rungume da ita tana share mata hawaye ita ce babbar mai ɗinkin layin, wadda kowa ke kira Yaya. Shagonta na jikin na Auta, kuma a hannunta Auta ta fara koyon zura zare a allura.

Baba ya ce, "'Yata, wa ya san rigar na cikin kwalin nan?"

"Ba kowa, Baba. Uwar amarya ta ce kada ido ya gan ta sai ranar. A bayan labule na ɗinka ta."

"Ba kowa?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Ba kowa."

Yaya ta karɓe. "Baba, ni da nake kamar uwarta ma ta ɓoye mini. Wallahi ko launin rigar ban gani ba sai yau da na gan ta a yayyanke. Allah ya isar miki, ƙanwata. Wanda ya yi wannan ba zai ga daidai ba."

Kukan Yaya ya fi na mai rigar ƙarfi. Baba ya dubi ƙafafun matan da ke tsaye. Duk silifa ne da yatsu a waje, ban da Yaya da ta sa safa, ga zafi. Amma mata da yawa na sa safa, kuma safa ba laifi ba ce. Ya wuce.

Maigadi ya rantse bai bar bakin get ba ranar hutu ko na ƙiftawar ido.

Baba ya ce, "Miƙo ƙafarka." Ya duba: faffaɗa ce, diddige duk faso. "Ba taka ba ce. Amma ƙarya kake yi, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ina ka je?"

Sai maigadi ya ce ƙaramar 'yarsa ce ta kwana da zazzaɓi, ya kai ta kemis da rana, layi ya yi tsawo. Ya ji tsoron faɗa don mai gini ya hana shi barin get.

"Ƙyallen fa?"

Matarsa ta amsa daga cikin ɗaki. "Yarinyar ce ke tsintowa a kwandon shara tana yi wa 'yar tsana zane."

Baba ya karɓi ƙyallen ya duba. Yankan gefe ne miƙaƙƙe, irin wanda tela ke zubarwa ranar da ya yanka yadi, ya sha ƙura da hannun yara. Ya sa shi a aljihu. Wannan bai isa ya wanke mutum a idon mai gini ba, domin wanda ya yi ƙarya sau ɗaya da safe, gaskiyarsa ba ta tsada da yamma.

Sai mutane suka fara raɗa wani suna. Akwai Dogo, tela namiji a ƙarshen layi, wanda bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga Auta ba. Baba ya same shi yana taka keke, bai ko ɗago ba.

"Na san za a zo. Ga ƙafata, Baba, in ta shiga sawunka sai dai in kwale-kwale ne ya shiga shagon."

Gaskiya ne, ƙafar ta kusa cika fedar keken.

"An ce ba ka son yarinyar."

"Ba na son ta. Jiya-jiya ta zo ta kwashe mana manyan mata da hoto. Mu muna ɗinki, ita tana ɗinki tana ɗorawa a waya. Amma ni in zan yi faɗa, a gabanta zan yi. Ban taɓa dangwala mata zuciya ba, ba kuma zan yanka mata riga ba."

"Wace zuciya?"

Dogo ya tsayar da keke yana dariya. Ya ciro wayarsa ya buɗe shafin Auta. Riguna ne bisa riguna, a ƙarƙashin kowane hoto ga wasu 'yan jajayen abubuwa kamar ganye, kowanne da ƙaramin hoton fuskar wanda ya saka a gefensa.

"Wannan ita ce zuciya, Baba. In mutum ya ga abinka ya burge shi, sai ya dangwala maka. Ko bai burge shi ba ma ya dangwala, ai ba a saya."

Baba ba ya karatun boko, amma ido bai san boko ba. Ya sa Dogo ya yi ta jan hotunan sama. A ƙarƙashin kowanne, ta farko a layi fuska ɗaya ce, kuma kullum zukata uku take jerawa, ba biyu ba, ba huɗu ba.

"Yaya ke nan," in ji Dogo. "Ko Auta ta ɗora hoton tsintsiya, kafin ka ce kwabo Yaya ta sa uku. Muna tsokanarta ko da wayar take barci."

"Ashe wannan ma sawu ne," in ji Baba. "Rigar amaryar tana ciki?"

"Ina fa. Wannan ai sirri ce."

Baba ya fito ya zauna a bakin famfo. Abu biyu ya riƙe. Ɓarawo ba ya cire takalmi a ƙofar da ya zo ɓarna, sai wanda ƙafarsa ta saba cirewa a wannan ƙofar. Mai fushi kuma ba ya rufe almakashi ya rataye, sai wanda aka yi wa dukan hannu yana yaro a kan barin almakashi a buɗe. Tela ne, mace ce, 'yar gida ce. Amma mata masu ɗinki sun yi yawa a layin, kuma ba ya iya bin matan mutane yana cewa su nuna masa yatsu. Abin da ya rage shi ne yadda aka san kwalin. Kuma bai manta yadda Auta ta murza bakin mayafi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Rana ta karkata lokacin da uwar amarya ta iso a mota, mace mai jiki da murya. Tun daga get take faɗa. Baba ya tare ta kafin ta kai ga Auta, ya gaishe ta, ya nemi ta ba shi kunne a gefe.

"Baba, me zan ce? Na ce da yarinyar nan kada ido ya gani, kada ido ya gani. Ta je ta ɗora wa duniya!"

"Ta ɗora a waya?"

"Jajibirin hutu da yamma. Allah ya sa wayar na hannuna. Na ɗauki hoton fuskar wayar don kada ta yi mini gardama, na kira ta na wanke ta tas, ta goge nan take. Ga shi ma."

Ta miƙo masa. Rigar ce a baje bisa teburin yanka, duwatsu na ƙyalli. A ƙarƙashin teburin ga kwalin a buɗe, farin ƙyallen naɗe rigar na leƙowa daga bakinsa. Duk wanda ya san shagon ya san inda za ta kwana. A ƙasan hoton kuwa mutum ɗaya ne kawai ya samu zarafin barin alama kafin a goge. Baba ya matso da wayar kusa da idonsa, ya dubi ƙaramar fuskar, ya ƙirga jajayen abubuwan.

"Da wa kike ɗinki kafin Auta?"

"Da Yayarsu. Shekara da shekaru. Amma ɗinkinta ya tsaya wuri ɗaya, 'yata ta ce ita ta Auta take so. Me ya faru?"

"Ara mini wayar nan zuwa anjima, kuma kada ki nuna wa kowa."

Ya sa aka tara kowa a tsakar gidan baya. Mai gini na kan kujera yana duban rana. Maigadi na tsugune jikin bango. Baba ya karɓi allin tela guda biyu ya murƙushe da gindin sandarsa, ya baje garin a kan siminti.

Ya fara da Auta. "'Yata, kin ce ba wanda ya san kwalin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin ɗora hoton ko ba ki ɗora ba?"

Auta ta fashe da kuka. "Na ɗora, Baba. Daɗin aikin ne ya ɗebe ni. Amma uwar amarya na kirana na goge, na ɗauka ba wanda ya gani sai ita. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Kunyarki ta kusa kai bawan Allah ɗakin 'yan sanda. Zauna."

Sannan ya bi masu ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: ka ga hoton? Kowa ya ce a'a. Dogo ya ce da ya gani da ya kushe. Aka yi 'yar dariya. Ya zo kan Yaya.

"Haba Baba, ai na faɗa tun safe. Ni ranar ma ko data ba ni da ita."

"Kin tabbata?"

"Wallahi tallahi."

Baba ya miƙa wa mai gini wayar. Mai gini ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa na kusa da shi. Waya ta zaga hannu-hannu, duk wanda ta je hannunsa sai ya ɗago ya dubi Yaya. Da ta iso gare ta, ta ga rigar, ta ga fuskarta, ta ga zukata uku a jere. Bakinta ya buɗe. Mamakin da ke fuskarta na gaske ne, kuma Baba ya gane dalili: ita kanta ba ta san ta dangwala ba. Yatsan da ya shekara yana yi wa hassada lulluɓi ya yi aikinsa shi kaɗai, ido na kan kwali.

"To, na gani," in ji ta. "Mantawa na yi. Gani laifi ne?"

"Gani ba laifi ba ne. Rantsuwa biyu a kan ba ki gani ba, ita ce abin tambaya." Ya nuna garin allin da sanda. "Wadda ta shiga shagon, ƙaramin yatsanta na dama ba ya taka ƙasa. Ni ba zan dubi ƙafar matar mutane ba. Ki cire safa ki taka nan, mata su duba. In yatsu biyar suka fito, ni zan durƙusa a gabanki a gaban kowa."

Yaya ta dubi allin. Ba ta motsa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Auta ta ce a hankali, "Yaya, ki taka mana. Don Allah ki taka su gani." Sai kuma ta tuna shekarun da ta yi tana zaune a ƙasa kusa da fedar keken Yaya, ta kuma san yatsan.

Nan Yaya ta fasa ƙwai. "Ni na koya mata riƙe almakashi! Ni! Matar nan tawa ce tun ɗinkin sunan 'yarta, rigar auren nan ni ya kamata in ɗinka. Kullum in buɗe waya, Auta, Auta, Auta. In ban sa mata zuciya ba a ce ina baƙin ciki, in na sa a ce Yaya mai kirki. Wa ya taɓa tambayata abin da nake ji?"

Dogo ya ce, "Da kin zage ta kamar ni, da kin huta."

Baba ya mayar wa uwar amarya wayarta, ya ciro ƙyallen daga aljihu ya miƙa wa maigadi. "Kai wa 'yarka zanen 'yar tsanarta." Ya dubi mai gini. "Rana ba ta faɗi ba. Ka gyara ƙofarka, ka kuma gyara bakinka ga wannan mutumin." Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai tsaya jin sauran ba, domin aikin mai bin sawu yana ƙarewa inda sawu ya ƙare.

Auta ta ƙi a kira 'yan sanda. An sayo wani leshin, ita da Dogo suka haɗu a kan rigar, yana jera duwatsu yana mita, aka gama kafin ranar. Maigadi na nan a bakin get har yau.

Ita kuwa Yaya, ga abin da zukata uku suka ci mata. Kekenta babba, wanda ta sayar aka biya leshin. Shagonta, wanda mai gini ya karɓi makullinsa. Masu kawo mata ɗinki, waɗanda suka zo suka kwashe yadinsu ko yankawa ba a yi ba. 'Yan koyonta, waɗanda iyayensu suka janye. Ƙanwar da ta rene da hannunta, wadda ba ta sake ɗaga ido ta dube ta ba. Da sunan Yaya, wanda ba mai kiranta da shi kuma. Wayar ce kaɗai ta rage mata, ita ma duk wanda ya ga jajayen zukatanta uku a ƙarƙashin hotonsa, gogewa yake yi ya je ya duba ƙofar bayansa.